Babu Canji

Abin takaici ne mutum ya sayi tumatir na dala ashirin, wato sefa ɗari, a kasuwar Garwa da ke Kamaru, ya miƙa jaka guda, wato sefa dubu, mai kaya ya ce masa, "Alhaji, babu canji." Daga nan sai a aiki yaro ya zaga rumfuna, ko a cika maka hannu da alewa da dunƙulen magi da ba ka yi niyyar saya ba. Da masu babur kuwa har cacar baki ake yi a bakin titi saboda dala biyar.

Babban bankin BEAC, mai hedikwata a Yawunde, wanda ke buga wa ƙasashe shida na yankin tsakiyar Afirka kuɗi, ya fitar da sababbin tsabar kuɗi a 2025, har da ta sefa 200, amma har yanzu mai ƙosai tana roƙon canji a wurin maƙwabciyarta. Hukumomi suna alfahari da cewa darajar sefa a ɗaure take da yuro, ba ta tangal-tangal kamar naira. To, madalla, sai dai cinikin talaka na yau da kullum da ƙananan kuɗi ake yin sa, kuma su ne ba a gani a hannun jama'a.