Gardin da Na Yaba, Ashe Babu Shi

A ƙa'ida, faifan garmaho mai faɗin inci 12 juyi 33 da sulusi yake yi a minti ɗaya, ƙaramin mai inci 7 kuma juyi 45. Na haddace wannan kamar karatun allo, kuma shi ya kai ni ya baro.

Wata 'yar mujallar kiɗa nake rubuta wa sharhi a Mancesta, kan waƙoƙin indie rock, wato na masu jita da ganga da ke fitar da faifansu ta ƙananan kamfanoni. Ranar wata Alhamis edita ya aiko min faifan wata sabuwar ƙungiya, inci 12, waƙa biyu a kowane gefe, bango fari fat ba hoto, ya ce kalma 400 yake so kafin gari ya waye. Na ɗora, na sauke allura, na kishingiɗa.

Sai ga murya kamar daga ƙasan rijiya, kauri irin na bijimin sa. Gangar kuwa tafiyar raƙumin da ya ƙoshi take yi. Tsikar jikina ta tashi. Na rubuta cewa mawaƙin gardi ne da duniya ta gasa wa aya a hannu, na yaba wa mai ganga haƙurinsa, na ba su tauraro huɗu cikin biyar.

Ashe faifai mai waƙoƙi kaɗan irin wannan sau da yawa a juyi 45 ake naɗe masa sauti, don sautin ya fi fita tas. Sun ma buga 45 ɗin a takardar tsakiya, ƙanana kamar ƙwayar gero. Injina kuma irin mai bel ne, wato zoben roba da ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai, ba maɓallin sauya gudu, sai ka ɗaga farantin ka mayar da bel ɗin kan babban tsagin sandar da ke juya shi. Rabona da ɗaga farantin nan tun ranar da na saya. Faifan 45 in ya juya a 33 yakan rasa kusan kashi 26 cikin ɗari na gudunsa. Waƙar minti uku ta koma minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, murya ta gangara kamar maɓallan piyano biyar.

Kwana biyu da fitar sharhin, saƙo ya shigo cikin ladabi: sun gode ƙwarai, sai dai mawaƙiyarsu mace ce, kuma mai ganga na tambaya ko shi ake nufi da haƙuri, don a gida ma ana yi masa faɗan gaggawa.

Edita ya lallashe ni da cewa John Peel, mai gabatar da waƙoƙi a BBC, ya sha sa faifai a gudun da ba nasa ba, kai tsaye a rediyo. Na ce ai shi yakan farga kafin waƙa ta ƙare.

Na ɗaga faranti, na sauya bel, na saurara daga farko. Yarinyar ta iya waƙa, ba laifi. Amma wallahi na fi son gardin.