Garin bakin teku ba wurin wanka ba ne kawai

Nan Zariya, da ka ce za ka Badagry yawon buɗe ido, sai a ce maka me ke can banda yashi da masu wanka? Masu faɗin haka suna da dalili, hotunan da suke gani a waya ke nan. Amma abin yana damuna, domin tashar jiragen ruwa ce ta kafa irin waɗannan garuruwa, shaƙatawa daga baya ta zo.

Badagry tana yamma da Legas, kusa da iyakar Benin. Babbar kasuwar bayi ce a da. Har yau ana nuna sarƙoƙi da marin ƙarfe, da ƙananan ɗakunan da ake kulle bayi a gidan wani dillalin bayi, Seriki Abass, iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa. Akwai kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845. Mu ma tarihin ya taɓo mu: daga Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai binciken ƙasashe, ya taso a ƙarshen 1825, ya ratso Zariya a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827.

Mai zuwa sai ya hau kwalekwale ya ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, sannan ya taka a ƙasa har gaɓar da ake loda bayi. A sa rigar kariya daga nutsewa kafin a hau. A je da rani, da sassafe, don yashin yana zafi da rana. Kada a shiga tekun, igiyarsa tana jan mutum ciki ko da ya iya iyo a kogin Kubanni na Zariya.