Na ajiye sikeli, na rubuta ranar tsere a bango

Shekara uku ina fama da ƙiba. Duk bayan ƙaramar sallah sai in ɗaura ɗamara, in yi sati biyu ina fita motsa jiki, in hau sikeli in ga nauyin yana nan inda yake, sai jikina ya yi sanyi in koma gidan jiya. Niyyar "zan rage tumbi" ba ta da ranar cika, shi ya sa kullum nake ce wa kaina gobe ma rana ce.

Wani abokin aikina ne ya matsa min na yi rajistar gudun kilomita 10 a gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, kuma galibi a watan Fabrairu ake yin ta. Babban tseren kilomita 42 ne da 'yar ɗoriya, a wancan lokacin daga filin wasa na Surulere zuwa Eko Atlantic. Ni goman ma a lokacin jin ta nake kamar tafiyar Kano zuwa Zariya. Amma tunda na rubuta ranar na manna a bangon ɗakina, sai tambayar da nake tashi da ita ta sauya. Da can kilo nawa na rage nake tambaya. Yanzu kuwa kilomita nawa ce ta wannan satin. Amsar wannan tana ƙafata, ita kuwa waccan sai abin da sikeli ya ga dama.

Kada wani ya ruɗe ku, gudu kaɗai ba ya narkar da kitse yadda ake zato. A ƙiyasi, mai nauyin kilo 90 yana ƙona kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 90 a kowace kilomita, kilo ɗaya na kitse kuwa kalori kusan 7,700 ne. Ku lissafa, sama da kilomita 80 kenan. Robar lemo guda tana da kalori wajen 200, ta cinye wahalar kilomita biyu. To ta ina aka rage? Ta kwano. Ranar da na loda tuwo da ƙarfe goman dare, da asuba ƙafata ba ta ɗaguwa. Ba wanda ya yi min wa'azi, da kaina na dawo da abincin dare bayan magariba, na rage shinkafa, na rabu da lemo. Ina son gudun ya yi min sauƙi ne, sai wando ya fara yi min yawa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne halinmu. Magidanci ya fito yana gudu, sai ka ji daga teburin mai shayi: "Alhaji lafiya? Wa ya biyo ka?" Har yau muna ganin tumbi alamar arziki ce, alhali hawan jini da ciwon suga suna kwantar mana da iyaye da yayye. Mata kam abin ya fi yi musu tsanani. Ƙanwata tana so, amma ba ta da wurin da za ta yi ba tare da an zuba mata ido ba, sai zagayen tsakar gida.

Mai son farawa, in yana da hawan jini ko ya haura arba'in, ya fara ganin likita. Ya haɗa tafiya da sassarfa, minti ɗaya gudu, biyu tafiya, kwana uku a sati, da takalmin da ba zai ci masa gwiwa ba. A bazara bayan sallar asuba ake fita, kafin rana ta buɗe.

Na gama kilomita goman nan a can baya-baya, hawaye na zuba ban san lokacin da suka zo ba. Da na dawo gida na cire takardar bangon, na manna wata: Okpekpe, jihar Edo, watan Mayu, kilomita 10, kuma hanyar tana da tudu.