Mun haddace Badar, mun manta Hunain

'Yan uwa dan Allah mu ɗan tsaya mu duba wannan. Duk sanda maganar yaƙi ta taso sai mu ce Badar, kuma gaskiya ne, sahabbai wajen 313 da dawakai 2 da raƙuma 70 ana hawa bi da bi, Ƙuraishawa kusan 1000, amma aka kashe musu 70 aka kama 70. To amma fa kafin a gwabza sai da Hubab bn Munzir ya ba da shawara a matsa gaba a riƙe rijiyoyin ruwa, Manzon Allah (SAW) ya karɓa, ya daidaita sahu da kansa, sannan ya shiga rumfa yana ta roƙon Allah har mayafinsa ya zame daga kafaɗa Sayyidina Abubakar ya ɗauka ya mayar masa. Wannan ɓangaren ba mu cika faɗa ba.

A Hunain kuwa, shekara ta 8 bayan hijira, musulmi 12,000 ne har wasu suka ce ai yau ba mai cin mu da yaƙi saboda ƙaranci. Ƙabilar Hawazin sun yi kwanton ɓauna a kwari, gari bai gama wayewa ba sai ruwan kibau, runduna ta watse, sai da Abbas ya ƙwala kira aka dawo. Allah da kanSa Ya faɗa a Suratut Tauba cewa yawan ya ruɗe su kuma bai tsinana musu komai ba. Sahabbai fa kenan, ina ga mu da kullum muke bugun ƙirji mun haura biliyan alhali karatu ya gagare mu, sana'a ta gagare mu, sallar asuba ma sai an yi da gaske.

Wanda ya fi ci min rai shi ne yaƙin Karari kusa da Omdurman a Sudan, 2 ga Satumba 1898. Mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, wajen 50,000 suka tunkari rundunar Kitchener, kwamandan Ingila, a fili fetal da masu da takubba da tsofaffin bindigogi, ga bindigar Maxim mai ruwan harsashi a hannun abokan gaba, ga jiragen ruwa a kogin Nilu suna ɓarin wuta. Kafin azahar sama da 10,000 sun kwanta dama, ɗaya ɓangaren ko 50 ba su rasa ba. Wallahi ba wanda zai ce mutanen nan matsorata ne, da kabbara suka shiga, da yawansu ko kusa da sahun abokan gaba ba su kai ba harsashi ya same su. Allah Ya jiƙan su Ya gafarta musu.