Ku bar wa yaran nan kwalinsu

To madalla! An yi taro an watse, babban baƙo ya yi murmushi, hukumar makaranta ta samu hotunan ɗorawa a Facebook. Kayan da yaran suka yi makonni suna haɗawa da hannunsu kuwa suna can bayan aji a jibge, wai "ba su dace da idon manyan baƙi ba". Maganar wata makarantar kuɗi nake yi, wadda ta kwashe kayan wasan kwaikwayon tarihi da ɗalibanta suka haɗa ta ɗauko musu na haya, ba sai na kama suna ba.

Duk wanda ya kawo shawarar a kwashe kayan yaran nan a ɗauko na haya, bai san abin da ake kira koyarwa ba. Ko digirinsa ya kai cikin kwando, bai sani ba.

'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne fa. Malamin tarihinsu, Allah ya saka masa da alheri, ya raba su kashi uku: wasu su yi Bayajida da rijiyar Kusugu, wasu fadar Muhammadu Rumfa, 'yan mata kuma su yi Nana Asma'u da jajinta, wato matan da take turawa ƙauyuka koyarwa. Ya ce ba ya son abin saye, kowa ya nemo yadda kayan zamanin suke ya haɗa. Yaran fadar Rumfa har wurin wani dattijo mai ɗinkin kayan doki suka je, ya nuna musu yadda ake cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke ya zama lifidi. Suka dawo suka yi nasu da tsohon bargo. Kwalkwali suka yi shi da ƙwarya, garkuwa da kwalin taliya, ganuwa kuma buhunan siminti suka shafe da jar ƙasa. Garin wannan yawon ne suka ji cewa tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke, kakaki kuwa sai zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da kunnena na ji ɗan ƙanwata yana musu da abokinsa a zaure, wai ba za a busa kakaki a wasan Bayajida ba tunda lokacin bai zo ba tukuna. Yaron da in ka ce ya ɗauko littafi sai ciwon kai ya tashi! Wannan musun shi ne karatun. Shi aka kwashe aka kai bayan aji.

Me aka kawo a madadinsa? Kayan haya daga wurin masu kwalliyar biki. Nana Asma'u, 'yar Shehu, malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, sai ga ta cikin leshi mai duwatsu da gwaggwaro kamar amarya ranar dina. Jajinta kuwa an cire musu malfar da suka sayo suka ɗaura wa jan ƙyalle, alhali malfar nan da jan ƙyallen su ne alamar da Nana take ba matan da ta naɗa su shiga ƙauyuka koyar da mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru. Yaran sun san haka, don sun bincika. Wadda ta cire ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya ba. Rumfa ya fito da takalmi sau-ciki mai sheƙi. Saura kaɗan a sa wa macijin Kusugu agogo.

Na ga masu cewa ai makarantar kuɗi ce, iyaye suna son su ga abin da suka biya. Ni ma uwa ce, kuɗin makaranta nake biya ba kuɗin ɗaukar hoto ba. Wasu sun ce kwali ne, zai yage a tsakiyar wasa. To ya yage mana! A yi dariya, yaro ya riƙe da hannu ɗaya ya ƙarasa maganarsa, baɗi ya san inda zai ƙara gam. Wani har yana ce mini ai yaran sun ji daɗin kayan hayar. Yaro kuwa ai ko alawa ka ba shi maimakon tuwo zai ji daɗi, wannan ba hujja ba ce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ƙasar nan ce fa aka wayi gari a wajajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan kusan shekara 10 aka dawo da shi. Mun yaye yara da yawa da ba za su iya lissafa Hausa Bakwai ba, waɗanda in ka ce Burmi 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya gwabza da Turawa, sai su zaci sunan mota ne. Yanzu an samu malami guda da ya gano hanyar da zai sa yara su so abin, su taɓa shi da hannu, su tambayi kakanninsu, sai a nuna masa cewa hoton babban baƙo ya fi aikinsa daraja. Wallahi da na ga yadda ya tsaya gefe ranar taron ya harɗe hannu, sai da na ji tausayinsa. Gobe wa zai sake wahalar da kansa? Kuma yaran ma sun ɗauki darasi, sai dai ba wanda ake so ba: abin da ka yi da hannunka abin kunya ne, na saye shi ne na nunawa.

Mu da muka tashi muna tashe, wa ya taɓa yi mana hayar kaya? Gemun auduga, tsumma a ciki a yi tumbi, bula a fuska, kuma duk unguwa ta fito kallo. Babu wanda ya ce bai dace da idon manya ba, manyan ne ma ke ba da sadaka.

Ku mayar wa yaran kayansu, ku ba su rana guda su yi wasansu yadda suka tsara, ko da babu babban baƙo. Dama shi ƙarfe 1 ya iso taron da aka sa ƙarfe 10.

Af, tunda ana maganar makarantun nan, wai wa ya ƙirƙiro kai ɗalibai yawon buɗe ido kantin zamani? A karɓi kuɗin mota a hannunmu, a kwashi yara a je su hau matattakalar lantarki su sha askirim su dawo. Ga Gidan Makama a gaban fada, ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwar Kurmi, ga Dala tsaye kyauta. Zangon da ya wuce na tambayi 'yata me ta gani a yawon, ta ce firji mai ƙofa biyu.