Baƙo raɓa ne, ku daina cewa "matsalar masu kuɗi ce"

Wai matsalar masu kuɗi ce.

Kun dai ga abin da wancan bawan Allah ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon da na saka shekaranjiya, na Turawan nan da ke jan akwatuna a bakin teku, hayaƙi ya turnuƙe bayansu. Ya jera fuskar dariya har guda shida, na ƙirga. Wai waye ya aike su, wai sauyin yanayi ya hana mai kuɗi wanka a teku shi ne za a zo ana damun talaka da surutu. Jama'a kuma suka bi shi yuu, kowa na yi masa tafi. Na yi niyyar in share, na kwana biyu ina danne zuciyata, amma abin ya ƙi sauka.

Malam, don Allah koma ka sake kallon bidiyon. Ka bar kallon masu gajeren wando. Duba bayansu, akwai wani saurayi cikin rigar ma'aikatan otal, ya rungumo katan ɗin ruwa yana raba musu, fuskarsa duk toka. Shi nake magana a kai. Shi ne wanda ka yi wa dariya, ko da ba ka sani ba.

Gobarar dajin tsibirin Rhodes ce ta ƙasar Girka, watan Yulin 2023. An kwashe mutum kusan dubu 20, kwashewa mafi girma da ƙasar ta taɓa yi saboda gobara zuwa wannan lokacin. Baƙin nan sun kwana a makarantu da filin jirgi, sun sha wahala, ban musa ba. Amma bayan 'yan kwanaki kowa ya hau jirgi ya koma gidansa, ya kira kamfanin inshora, ya ba abokai labari. Har Firaministan ƙasar, Kyriakos Mitsotakis, ya fito ya yi wa waɗanda aka kwashe alƙawarin hutun mako guda kyauta in sun dawo. Kun ji fa, baƙo aka rarrasa. Saurayin nan mai katan ɗin ruwa kuwa a nan aka bar shi da ƙonannun itatuwa da ɗakunan da babu kowa a ciki, a tsakiyar 'yan watannin da yake tara abin da zai ci har shekara ta zagayo.

Baƙo raɓa ne. Rana na fitowa ya bushe, ya ɓace. Mai kuɗin da kuke cewa matsalarsa ce, shi ne kaɗai mutumin da ba shi da matsala a wannan lamari. In teku ya ɓaci a nan, ya buɗe waya ya zaɓi wani tekun. In zafi ya yi yawa a kudu, ya nufi arewa. Kuɗinsa na aljihunsa, fasfonsa na shiga ko'ina. Wanda ba shi da wurin zuwa shi ne mai gyaran gado, da mai wanki, da direban da ke jira a filin jirgi, da mai kwale-kwale, da matar da ke sayar da 'yan tsarabobi a bakin hanya. Kafin korona, masu lissafin wannan harka sun ce kusan aiki 1 cikin kowane 10 a duniya yana rataye ne da tafiye-tafiye da yawon buɗe ido. Dukkansu attajirai ne? Mai share ɗakin otal ma attajira ce?

Wani ya ce ai mutane ne ke cinna wa daji wuta, ina ruwan yanayi. To madalla, mun ji mai ilimi. Ashana ɗaya ce, amma jefa ta a ɗanyar ciyawa ka gani, sannan ka jefa ta a dajin da ya yi makonni yana gasuwa. A wannan watan na Yuli sai da hukumomi suka riƙa rufe Acropolis, tsohon ginin nan da ke kan tsauni a Athens, da tsakar rana, saboda mutane na sumewa a kan layi. Ginin da ya haura shekara 2,400 a tsaye, yau zafi ne ke tsara masa lokacin buɗewa. Shekarar 2024 kuma ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ku ci gaba da neman mai ashana.

Ku ɗauki ƙasar Maldives. Tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya, mafi yawan ƙasar ba ta kai mita 1 a saman ruwa ba. Ba su da fetur, ba su da manyan masana'antu, ba su da filin noma na a zo a gani. Kifi da baƙi, shi ke nan. Kuna son sanin yadda ƙasa ke zama in baƙi sun daina zuwa? An gwada a 2020, lokacin da korona ta tsayar da jirage: tattalin arziƙinsu ya zube da kusan kashi 1 cikin 3 a shekara guda. Kuɗin da gwamnati ke biyan malaman makaranta da likitoci, da dalar da ake shigo da magani, mafi yawa daga aljihun masu gajeren wandon nan suke fitowa. Korona ta zo ta wuce. Teku in ya hau ba ya komawa. Yanzu ku gaya mini, in ruwa ya cinye rairayin bakin tekun nan, ya shiga rijiyoyinsu ya mayar da su na gishiri, wa zai kwana da yunwa? Mai kuɗin Landan?

Sai maganar murjani, wadda na san da yawa ba su damu su fahimta ba. Duwatsun nan masu launi da ke ƙarƙashin teku, waɗanda baƙi ke biyan kuɗi su nutse su kalla, rayayyu ne. A cikin jikinsu akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ba su launi, su ke ciyar da su. Da ruwa ya ɗara zafin da ya saba da kamar digiri 1 kacal, ya daɗe a haka 'yan makonni, sai murjanin ya kori tsirran nan, ya koma fari fat kamar ƙashi. In sanyi bai dawo da wuri ba ya mutu, kifayen su watse. Babban jerin murjani na Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, ya yi irin wannan farin a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Murjani na bukatar shekaru goma ko fiye kafin ya farfaɗo, ga shi ana dukansa duk bayan shekara biyu. Ayyuka sama da dubu 60 ne ke jingine da wurin. To ita Ostareliya tana da ƙashin arziƙi, za ta jure. Ƙaramin tsibirin da murjanin ne jarinsa, kuma shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidaje fa? Baƙon ya nutse sau ɗaya, ya ga maƙabarta, ya fito ya rubuta a intanet cewa kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Mai kwale-kwalen da ya ci bashi ya sayi inji, shi ya san yadda zai yi da banki.

Wannan rubutun na intanet ma wani bala'i ne mai zaman kansa. Harkar yawon buɗe ido suna ake sayarwa, kuma hoto ɗaya ya isa ya kashe shi. A ƙarshen 2019, fari ya rage ruwan kogin Zambezi, hotunan Victoria Falls, babbar magangarar ruwan da ke kan kogin, da busassun duwatsu suka zaga duniya. Mutanen Zambiya da Zimbabuwe suka yi ta rantsuwa cewa ruwan bai ƙafe ba, dama yana raguwa a wannan lokaci duk shekara, amma wa ya saurare su? A 2018 birnin Cape Town ya kusa rufe famfuna, aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, otal-otal suka cire matoshin bahon wanka. Ruwa ya dawo daga baya, amma wanda ya soke tafiyarsa ya riga ya kashe kuɗin a wata ƙasa.

"To su canza sana'a mana." Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Su koma me? Noma? Farin da ya kori baƙon shi ne ya ƙone gonar. Kamun kifi? Zafin da ya kashe murjani shi ne ya kori kifin. Kana kwance kana latsa waya kana canza wa ƙasa guda sana'a, kai da ko lambar waya ba ka iya canzawa ba tare da ka yi wata guda kana sanarwa ba.

A Satumban 2017 mahaukaciyar guguwar Maria ta bi ta kan Dominica, wata 'yar ƙasa a yankin Karibiyan. A dare ɗaya ta yi ɓarnar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara sau biyu har da ɗori. Makonni biyu kafin nan, guguwar Irma ta rugurguza Barbuda har sai da aka kwashe mutanen tsibirin kaf. Guguwa dama ana yi, na sani, kada wani ya zo ya koya mini. Amma ruwan teku mai ɗumi shi ne abincinta, yana ƙara mata ƙarfi da ruwan da take zubarwa. Manyan jiragen ruwan shaƙatawa kuwa ko a jikinsu, sun karkata akala zuwa tsibirin gaba. Ƙasar da guguwa ta buga kuwa sai ta ci bashi ta sake gini, inshora ta ƙara tsada, kafin a gama biya wata guguwar ta sake zuwa. Abin da Firaministar Barbados, Mia Mottley, ke ta faɗa a tarukan duniya ke nan shekara da shekaru, ana tafa mata ana watsewa.

Eh, na ga masu cewa wasu ƙasashe za su ci riba, masu sanyi za su samu baƙi. Allah ya ba su. Wannan ai maganata kuke ƙarfafawa: baƙo ya tashi, kuɗi ya bi shi, an bar mai masauki. Su ma masu sanyin suna kuka da nasu. Ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin 100 a 2022 da 2023 kawai. Wuraren wasan sulu a kan dusar ƙanƙara yanzu inji ke fesa musu ta jabu, ana ƙona ruwa da lantarki, kuma ko injin ba ya aiki sai da sanyi. Boliviya ba ta da kuɗin inji: ƙanƙarar tsaunin Chacaltaya, inda a da ake wannan wasa, ta ƙare ƙurmus a 2009.

Guda ɗaya ce zan ɗan sassauta a kanta. Masu cewa ai jiragen da ke kawo baƙin su ma suna cikin masu gurɓata iska, gaskiya ne. Wani bincike na 2018 ya ɗora wa yawon buɗe ido kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa an samu akasi. Wanda ke hawa jirgi sau biyar a shekara ya ja ruwan, wanda bai taɓa ganin cikin jirgi ba shi ake duka. Kuma dole ya yi addu'ar jirgin ya ci gaba da sauka, don ranar da bai sauka ba babu cefane. Wallahi in na tuna wannan raina ɓaci yake.

Bari in ajiye gatse. Akwai 'yan dako a tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, masu ɗaukar tanti da tukunyar gas a ka, su hau tsaunin da ya kai mita 5,895, baƙo na biye da su da 'yar sanda da kyamara. Abin da baƙon ya zo gani shi ne farar ƙanƙara a tsakiyar Afirka. Sama da kashi 80 cikin 100 nata ya tafi tun daga 1912, kuma hukumar UNESCO ta ce a 2022 ragowar ba za ta wuce 2050 ba. Ɗan dakon nan yana ganin raguwarta da idonsa, hawa bayan hawa. Bai buƙaci rahoto ba. A maƙwabciyarsu Kenya, fari ya kashe giwaye 205 tsakanin Fabrairu da Oktoban 2022, sai kuma a Mayun 2024 kogin Talek ya yi ambaliya ya shanye sansanonin baƙi a gandun namun daji na Maasai Mara, aka riƙa ɗebe mutane da jirgi mai saukar ungulu. Ana wata ga wata. Baƙin sun koma gida da labari mai daɗin bayarwa. Mai dafa musu abinci ya koma gida da takardar sallama.

Don haka Malam mai fuskar dariya shida, ka yi dariyarka, wayarka ce. Amma ka san wa kake yi wa.

Af, tunda na ambaci Maldives. Kun tuna a Oktoban 2009 shugabansu na lokacin, Mohamed Nasheed, ya kwashi ministocinsa suka yi taron majalisa a ƙarƙashin teku? Da kayan nutso, da tukunyar iska a baya, ga tebura an jera a ƙasan ruwa, suna magana da hannu, kifi na wucewa ta gabansu, don duniya ta waiwayo kafin taron yanayi na Copenhagen. Ni abin da ke ɗaure mini kai har yau shi ne yadda aka shawo kan ministocin. Sai da aka koya musu nutso fa. Ina ta tunanin wasu ministocin da nake gani a talabijin, da tumbi da tawagar masu riƙe jaka, a ce musu gobe taro a cikin ruwa. Rabinsu za su turo wakili, sauran su kawo takardar likita. Kuma taro babu dogon jawabi, babu "ina mai farin cikin tsayawa a gabanku", tunda baki a toshe yake. Da duk taruka haka ake yin su, da minti ashirin an tashi. Wanda ke da bidiyon ya ajiye mini a ƙasa, na neme shi a wayata na rasa.