Mu daina cin mutuncin yara da sunan tarbiyya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya ɗora wa riƙe alli a ƙananan sakandare, da 'yan bautar ƙasa, da mu yayye da ke gida.

Ranar Litinin ɗin nan na raka ƙanina makarantarsu domin in ga malamin ajinsu, na tarar ana asambuli, sai na raɓe a gindin darbejiya ina jira. Ana gama addu'a wani malami, wanda in ya girme ni bai fi da shekara biyu ba, ya fito da takarda ya ce zai kira waɗanda suka zo na ƙarshe a gwajin lissafi na aji biyu. Ya kira su biyar, ya sa aka jawo benci suka hau. Ya dinga faɗin makin kowa da ƙarfi, yana jan kalmar "sifili" kamar mai tallan magani a kasuwa. Daga nan ya ce, "To, ku yi wa daƙiƙai eho!" Makaranta ta ɗauka gaba ɗaya. Wata malama kuwa ta ɗaga waya tana ɗauka, tana dariya har da riƙe ciki.

Na tsakiyarsu shi ya tsaya mini a rai. Ba zai wuce shekara 13 ba, rigarsa ta yi masa yawa, ga alama ta yayansa ce, silifas ɗinsa kuma an ɗaure shi da waya. Sauran huɗun sun sunkuyar da kai, ɗaya yana hawaye. Shi kuwa sai ya washe baki yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Malamin ya ce, "Kun gani ko? Ko kunya ba ya ji." Wallahi yana ji. Tabarmar kunya ce yake naɗewa da hauka, kuma duk wanda ya taɓa zama yaro ya san wannan dariyar.

Da muka koma gida na tambayi ƙanina labarinsa. Ya ce ai kullum a makare yake zuwa, sai ya tura kurar ruwa sahu biyu ko uku kafin ya sa yunifom. In ya zo kuma gaba ta cika, sai can ƙuryar aji a ƙasa, ajin da yaransa sun haura ɗari. Daga can ko mai lafiyar ido da ƙyar yake hango allo. Shi ne daƙiƙin da aka tara makaranta guda a yi wa ihu. Ko malamin ya taɓa tambayarsa me ya sa yake makara? Ko ya san ya karya ko bai karya ba?

Ba na cewa kada a hori yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, in ya yi gaggawa karyewa zai yi a hannunsa. Abin da na gani ranar nan cin mutunci ne tsagwaronsa, kuma ya zama ruwan dare. Yaro ya karanta Turanci ya yi tuntuɓe, malami ya kwaikwayi muryarsa aji ya fashe da dariya. Mai in'ina a tashe shi da gangan don a samu abin nishaɗi. Wanda bai kawo kuɗin jarrabawa ba a kira shi gaban aji a ce, "Ubanka me yake yi da kuɗi?" alhali uban yana can yana fama da kuɗin awo. Yarinya ta zo da hijabi da ya koɗe, malama ta riƙe gefensa da yatsa biyu tana nuna wa 'yan aji. A laƙaba wa yaro Jaki, ko Ƙwaƙwalwar Kifi, ko Kurma, sunan ya bi shi har unguwa. Alhali Allah ya hana mu jifan juna da munanan laƙabobi a aya ta 11 cikin Suratul Hujurat, kuma ayar ba ta ware 'yan aji biyu ta ce su ban da su ba.

Ku tuna fa shekarun da muke magana a kai: 12, 13, 14. Lokacin ne murya ke fashewa, ƙuraje su feso a fuska, yarinya ta fara ganin al'ada ba tare da kowa ya yi mata bayani ba. A wannan shekarun yaro ya fi tsoron dariyar sa'anninsa fiye da dorina. Bulala goma za ta huce kafin a tashi tara, amma kalma ɗaya a gaban abokai sai ta kwana da shi shekaru. Magana zarar bunu ce. Yarinyar da aka yi wa dariya saboda tabo a siket ɗinta, ba ƙaramin aiki ba ne a sake ganinta a ajin nan cikin makon.

Ba daga sama nake faɗa ba, ni ma na taɓa yi. Shekara biyu na koyar a wata ƙaramar sakandare bayan na gama karatun malanta na NCE, kuma akwai yaron da na kira Jaki rana ɗaya tak, cikin fushi, don ya kasa jadawalin bakwai. Ni na manta kafin la'asar. Bara na tare adaidaita sahu, direban ya juyo ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam ba ka gane ni ba? Ni ne Jaki." Yana murmushi ya faɗa. Ya ce har yau haka ake kiransa a tasha, kuma a aji uku ya ajiye karatu. Ya ƙi karɓar kuɗina. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ita kuma malamar mai waya, me za a ce mata? Wannan ciwon ɗaukar komai a saka a TikTok da WhatsApp ya cinye mana hankali. A yi hatsari, waya. A yi gobara, waya. Yanzu har hawayen ɗan mutane ya zama abin neman mabiya. Da, kunyar yaro a harabar makaranta take tsayawa, yanzu sai ta riga shi isa gida, ta isa wayar kishiyar uwarsa. Kuma wannan malamar, da ɗanta ne a kan bencin, da sai an riƙe ta.

Mu ma na gida ba mu tsira ba. Yaro ya kawo takardar sakamako, tambaya ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" In ya ce na talatin, sai a kira ƙaninsa a ce, "Dubi wannan ya fi ka kai." A gaban baƙi, a gaban maƙwabta. An ci mutuncinsa a makaranta, ya dawo gida an ƙarasa shi, to ina zai sa kansa? Ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma mun san masu jiransa a bakin kwalbati. Su ba sa ce masa daƙiƙi, "oga" suke ce masa, su miƙa masa abin da zai sha ya manta.

Tun 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE, wato na ba kowane yaro ilimin matakin farko, a Sakkwato, dokar 2004 ta ce shekara tara na farkon karatu kyauta ne kuma dole. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk muna ta kukan yaran da ba sa zuwa makaranta, amma ba ma lissafa waɗanda suka zo da ƙafarsu muka kore su da bakinmu. Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta yi maganar samar da malamai masu ba ɗalibai shawara a sakandare. A makarantar da na koyar akwai ƙofa mai ɗauke da wannan suna, cikinta kuwa karyayyun kujeru ne da tsintsiya.

Sayyidina Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Mun haddace wannan hadisi, muna karantar da shi a Islamiyya da yamma, da safe kuma mu hau da ɗan wani kan benci. A ji tsoron Allah. A dinga jan yaro gefe, a tambaye shi, a saurare shi.

Malamanmu na da ba mala'iku ba ne, sun dake mu, wasu har da wuce gona da iri. Amma na tuna malaminmu na lissafi, Allah ya jiƙansa. In ka faɗi gwaji sai ya naɗe takardarka ya miƙa maka a hannu, ya ce ka same shi bayan an tashi. Ya san sunan mahaifin kowa. In ka yi kwana biyu ba ka zo ba, sai ka ji sallamarsa a zaure, ya jingine kekensa. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ma yana da iyali, amma yana ganin ɗan wani amana ne a wuyansa. Ina irinsu suka tafi? Yanzu malami sai ya shekara da yaro bai san sunansa na yanka ba, sai laƙabin da shi da kansa ya raɗa masa.

Jiya na sake tambayar ƙanina labarin yaron nan mai silifas. Ya ce tun ranar Litinin da aka fita tara bai dawo ba, amma ya hango shi da safe a bakin famfo yana jera jarkoki.